Ƙwaya Uku a Ƙarƙashin Harshe

Su biyu suka buɗe maɗaba'ar, wa da ƙani, shi ya sa duk layin ake ce musu Babba da Ƙarami. Ƙarami ya kai shekara hamsin da bakwai, furfura ta cinye masa gemu, jikokinsa uku, amma ko direban da ke kawo musu takarda in ya tsaya a ƙofa Ƙarami yake ƙwala wa kira. Bayan Babba ya rasu ma ba wanda ya ga dalilin ƙara masa girma.

Rasuwar ba ta zo da dogon labari ba. Ranar Litinin Babba ya ce ƙirjinsa na masa nauyi, ranar Talata aka ba shi gado a asibiti, ranar Laraba aka miƙo wa Ƙarami agogonsa da tabaransa a leda. Ya zauna kwana uku ana masa gaisuwa. A na huɗu ya ɗaga ƙofar shago da ƙarfe takwas kamar kullum, ya kunna kwamfuta.

Shagon ɗaki ne dogo mai warin tawada da kananzir. Tebur biyu a gaba, injin bugu a can baya, wuƙar yankan takarda a tsakiya. Shekara talatin da ɗaya aikin a rabe yake: Babba ne mai karɓar mutane da duba kuskure da jan biro, Ƙarami ne mai tsara rubutu da yanka. Yanzu duka sun dawo kansa. In wani ya shigo ya fara da, "Ya haƙuri? Ai mun ji abin da ya faru," sai Ƙarami ya ce, "Da godiya. Kwafi nawa?" Wani mai shagon taya da bai ji labari ba ya leƙo wata rana yana neman Babba.

"Ya fita," in ji Ƙarami.

"Yaushe zai dawo?"

"Bai faɗa ba."

Mai Inji, dattijon da ke juya musu injin bugu tun shagon na da tebur ɗaya, yana jin su daga baya. Ya goge hannu da tsumma, ya bi mutumin waje ya yi masa bayani.

Wata huɗu ana haka, sai ga wata mata ta shigo da jaka mai ƙarar kwalabe. Dattijuwa ce, doguwa, mai magana a hankali kamar tana auna kowace kalma da cokali. Ta ce tana ba da maganin da ake kira homiyofati, tana son a buga mata takardar bayani ɗari biyar.

"Na asibiti ne ko na saiwa?" in ji Ƙarami.

"Ba ko ɗaya. Mu ba ciwo kaɗai muke dubawa ba, mutum muke dubawa. Kowane magani da irin mutuminsa."

"Fuska ɗaya ko gaba da baya?"

"Fuska ɗaya."

Ta bar masa rubutun hannu mai kyau, ta ce in ya tsara a kai mata ta gani kafin a buga. Ya rubuta "Malama mai ƙwayoyi" a saman takardar aiki, ya jawo kujera.

Kan takardar ya ce: Ignatiya, maganin baƙin cikin rashi, da siffar mai buƙatarsa. A ƙasa an jera siffofi takwas. Yana yawan ajiyar zuciya ba tare da ya sani ba. Yana jin kamar wani abu ya tokare masa maƙogwaro. Ba ya son a lallashe shi, lallashi ƙara ɓata masa rai yake yi. Yana dariya a inda ba a dariya. Hayaƙin taba na tayar masa da hankali. Ya fi son zama shi kaɗai. Yanzu fara'a, anjima fushi. Kuka na zuwa masa ba sallama.

Ƙarami ya tsara su layi-layi, ya sa wa kowane ɗigo a gaba. Bai ankara ba Mai Inji na tsaye a bayansa da tsumma a kafaɗa, yana karantawa da leɓe.

"Ƙarami, wannan matar ta san ka ne?"

"Yau na fara ganinta."

"To wa ya ba ta labarinka?"

"Injin can ya gama wanke kansa ne?"

Mai Inji ya koma baya. Amma daga nan har azahar, duk lokacin da Ƙarami ya ja numfashi ya sauke, sai ya ji ƙarar fensir a can ƙurya. Da aka tashi cin abinci Mai Inji ya ajiye masa guntun takarda a tebur, an ja mata layuka goma sha bakwai.

"Mene ne wannan?"

"Ajiyar zuciya. Ban ƙirga wadda ka yi a banɗaki ba."

"Ƙurar takarda ce."

"Shekara talatin muna cikin ƙurar nan."

"To yanzu ta taru."

Ƙarami ya jefa guntun a kwando. Amma da Mai Inji ya fita salla sai ya ɗauko takardar Malama ya sake bin ta, wannan karon da bakin biro. Ajiyar zuciya, a bar shi a haka. Maƙogwaro, e, tun ranar ledar nan yake jin kamar ya haɗiye murfin kwalba. Lallashi, ba ya so, amma wa ke so? Dariya kuwa, ya tuna ranar gaisuwa da wani baƙo ya yi ta yabon haƙurin Babba, mutumin da ya taɓa jifan injin bugu da takalmi, har sai da Ƙarami ya tashi ya shiga bayan gida ya toshe baki. Ya ƙirga ya samu shida cikin takwas. Ya ji wani abu mai kama da na ɗalibin da ya ci jarrabawar da bai shiga ba.

Washegari ya ce zai kai samfurin da kansa. Mai Inji ya ɗaga gira ɗaya ya bar ta a sama har Ƙarami ya fita.

Ɗakin Malama na saman wani shagon gyaran fanka, ana hawa ta wani ƙunƙuntaccen bene. Ciki tsaf: tebur, kujera biyu, agogon bango, wani ƙaton littafi da gefensa ya yi baƙi don shafa, da kabad mai gilashi cike da 'yan kwalabe sun fi ɗari biyu, duk iri ɗaya, kowace da fararen ƙwayoyi ƙanana kamar idon kifi. Ta karɓi samfurin ta karanta daga sama har ƙasa, ta ce ya yi kyau, a buga.

"Ba ki ga komai ba?"

"Kamar me?"

"Ba komai."

Bai tashi ba. Ita ma ba ta ce ya tashi ba. Ta jawo farar takarda ta cire murfin biro.

"Wa ka rasa?"

"Ni samfuri na kawo."

"Na gani. Wa ka rasa?"

"Yayana. Wata huɗu."

Daga nan tambayoyi suka fara, ba kuma irin waɗanda ya shirya wa amsa ba. Ta wane gefe yake kwanciya? Taga a buɗe yake so ko a rufe? Zafin rana na sa masa ciwon kai? Gishiri fa, yana ƙarawa kafin ya ɗanɗana ko bayan ya ɗanɗana? Ya riƙa amsawa a gajarce kamar wanda aka tsare a ofishin 'yan sanda. Hagu. A buɗe. Yana sa wa. Kafin.

"Ka yi kuka?"

"Aiki ya yi yawa."

"Wane lokaci ne ya fi maka nauyi a yini?"

"Ƙarfe goma."

Ya faɗa kafin ya yi tunani. Ta ɗago ta dube shi, ta jira. Agogon bango ya yi ta aikinsa. A ƙasa mai gyara ya kunna wata fanka ya kashe.

"Da ƙarfe goma yake duba aikin jiya," in ji Ƙarami, idonsa a kan kabad. "Sai ya ce, Ƙarami, zo ka ga abin da ka rubuta. In taso in zo. Ya nuna min da jan biro, ya ce da ba don shi ba da tuni an rufe shagon nan. In ce haka ne, Yaya. In koma in gyara."

"Kullum kana kuskure?"

"Ni ba na kuskure, Malama. Sakawa nake yi. Ɗaya a kowane aiki. Tun muna sabbin buɗewa na lura ranar da bai samu komai ba yini yake yi yana faɗa da kowa, sai na fara ajiye masa ɗaya. Ya gano, ya ji daɗi, a zauna lafiya."

"Yanzu fa?"

"Yanzu hannun ya saba. Ina sakawa, ba mai cirewa. Akwai wata makaranta da muka buga wa rasit littafi arba'in, a kan kowane shafi an rubuta makanta maimakon makaranta. Wata uku ke nan. Ba wanda ya dawo."

Malama ta rubuta wani abu mai tsawo. Sannan ta buɗe ƙaton littafin, ta bi shafi da yatsa, ta juya, ta koma baya, ta rufe.

"Ba kai ne na takardar nan ba," ta ce.

Ƙarami ya gyara zama. "Shida na samu cikin takwas."

"Ba jarrabawa ba ce. Na takardar nan, a karatunmu, mai sabon rauni ne, abin na fita yana komawa, yana fita yana komawa. Kai naka ka ninke shi ka sa a akwati ka zauna a kai. Ga gishiri, ga rana, ga ƙarfe goma. Naka daban ne."

"Mai Injinmu ya ƙirga goma sha bakwai kafin azahar."

"A gaishe shi."

Ya ji haushin da bai san inda zai ajiye ba. Kwana guda yana ɗauke da takardar nan a aljihu kamar katin shaida, yanzu an ce ta wani ce. Ta buɗe kabad ta ɗauko kwalba daga layi na uku, wadda ba ta da wani bambanci da ta layi na biyu.

"Me ke ciki?"

"Asalinsa gishiri ne. A ɗauki kashi ɗaya a sa a ruwa kashi ɗari, a girgiza. A ɗauki ɗigo ɗaya daga nan a sa a wani ɗarin, a girgiza. Haka har sau talatin. Sai a ɗiga a kan ƙwayar sukari."

Ƙarami mutum ne da ya yi rayuwarsa yana sirka tawada. Ya dubi rufin ɗaki ya yi lissafi.

"To ai babu komai a ciki."

"Haka likitocin asibiti ke cewa."

"Ke fa?"

"Ni cewa nake ka sa uku a ƙarƙashin harshe da safe, kada ka tauna. In kuma ƙirjinka ya yi nauyi irin na yayanka, kada ka hau benen nan, ka wuce asibiti."

Ya karɓa. Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce ta ba shi kwalbar maganin takardar ma, akwai wadda zai kai wa. Malama ta ce ba a ba da magani sai an ga mutum. Ya ce ai ya karanta siffofin sau tara, shi ya tsara su da hannunsa. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ba shi.

Matar Yaya yake nufi. Tun kwana ukun gaisuwa bai sake taka gidan ba. Gidan na kan hanyarsa ta zuwa shago, amma ya gano wata hanya ta bayan tashar mota wadda ta fi tsawo da minti ashirin, ya ce ta fi iska. Matarsa ta yi magana har ta gaji. A ransa ya riga ya zana yadda zai samu Matar Yaya: a ƙuryar ɗaki, labule a sauke, tana ajiyar zuciya, takwas cikin takwas.

Da la'asar ya isa. Ya tarar da ƙofa a buɗe, katifa a jingine a tsakar gida, kujeru a kife, ita kuma a kan tebur tana goge saman kabad da tsintsiya, ta ɗaure hanci da ɗankwali.

"Wa nake gani kamar Ƙarami?" ta ce ba ta sauko ba. "Ashe kana gari. Na ɗauka tare aka binne ku."

"Aiki ne ya yi yawa, Matar Yaya."

"Riƙe min teburin nan."

Ya riƙe. Ta sauko, ta kawo masa ruwa, ta kife bokiti ta zauna, shi ta miƙe masa kujera ɗaya. Ya ciro kwalbar da samfurin takardar ya ajiye a gabanta, ya ce magani ne na masu rashi, an ce a sa uku a ƙarƙashin harshe. Ta ɗaga kwalbar ta girgiza a kunne. Ta ɗauki takardar ta nisanta ta da ido. Ba ta kai layi na biyu ba ta tsaya.

"Bakin ciki? Ciki har baki gare shi? Ina lanƙwasar ƙa ɗin?"

A nan Ƙarami ya saka kuskuren, a kan take, da manyan baƙaƙe, mai takardar ma ta karanta ta wuce.

"Wannan ne na yau ke nan," ta ce. "Ka fara sauƙaƙawa. Da can a tsakiyar layi kake ɓoyewa."

"Na yau me?"

"Kai dai Ƙarami. Shekara shida yayanka ba ya ganin ƙananan rubutu, ko da tabarau. Cikin rigarsa yake ɗauko samfurin in kun tashi, in karanta masa, in sa masa ɗigon fensir a gefe, da safe ya je ya bi da jan biro ya yi maka ihu. Wa kake tsammani ya gano maka talatin ga Fabrairu?"

Ƙarami ya ajiye ruwan da ke hannunsa.

"Ya san ni nake sakawa?"

"Tun shekarar farko. Ya ce mutumin da ke kuskure ɗaya tak a kowane aiki, ba biyu ba, ba sifili ba, ai ba kuskure yake ba. Na ce to ka gaya masa ya huta mana. Ya ce a'a, yaron nan yana jin daɗin abin, in na daina ganowa ransa zai ɓaci."

"Yaron nan," in ji Ƙarami.

"Haka yake ce maka. Har a gadon asibiti."

Dariya ce ta fara zuwa masa, 'yar gajeriya, ta hanci. Ta biyu ba ta fito daidai ba. Ya tashi ya ce bari ya wanke hannu, teburin akwai ƙura. Ya je famfon tsakar gida ya buɗe shi har ƙarshe, ya sunkuya. Ya daɗe yana wanke hannun nan. Ya wanke fuska, ya sake wanke hannu, kafaɗunsa na rawa, ruwa na bin rariya yana jiƙa gefen katifa. Matar Yaya ba ta je ba, ba ta kuma ce ya yi haƙuri ba. Ta ja katifar gefe, ta koma kan bokitinta ta karance siffofi takwas ɗin tsaf.

Da ya dawo ta ce, "Ni uku na samu. Ba su sa masu son fasa kwano ba."

"Kin fasa?"

"Biyar. Da marasa kyan na fara."

Ta buɗe kwalbarta, ya buɗe tasa. Kowa ya zuba uku a murfi ya kai ƙarƙashin harshe. Suka zauna baki a rufe suna kallon kujerun da ke kife, kamar masu jiran a kira sunansu.

"Sukari ne," ta ce bayan ta haɗiye.

"An ce kada a tauna."

"Na riga na tauna."

Ya taya ta mayar da katifa da kujeru. Ta ce daga gobe ya riƙa biyowa da samfuri in ya tashi, ba don shi ba, don mutanen da ke biyan aiki, kuma ya nemi makarantar nan ya ba su haƙuri. Bai tambaye ta yadda aka yi ta sani ba. Jikarta a can take karatu. Da zai tafi ta shiga ɗaki ta fito da baƙin takalmi sau ciki, an goge shi yana ƙyalli.

"Sau biyu ya sa. 'Ya'yansa duk sun ce ya yi musu tsufa. Kai ba ka da wannan matsalar."

Ƙafar Babba ta fi tasa da lamba biyu. Ya cire nasa ya sa a leda, ya zura na yayansa, ya ɗaure igiya iya ƙarfinsa. Duk taku sai dunduniya ta fito ta koma. A haka ya bi babban titi har gida, a hankali, masu babur na masa hon.

Da safe Mai Inji ya dubi ƙafarsa ya dubi fuskarsa.

"Takalmin nan ya yi maka yawa."

"Na sani."

"Malama ta aiko tambaya, wai an buga ko tukuna. Ta kuma ce yaya ka ji maganin."

"Ka ce mata kwana ɗaya ne tukuna, ban sani ba. Akwai gyara a kan take, ba ni minti biyar. Ka ɗora farar takarda, mai kauri."